Banɗaki mai injin markaɗe: yadda ake sa ƙazanta ta hau sama

Masai na zama irin wanda kowa ya sani, dogaronsa gaba ɗaya a kan gangara yake. Ka saki ruwa, ruwan ya kwashe abin da ke cikin kwano ya faɗa da shi ƙaton bututu, bututun ya yi ta sauka sannu a hankali har ya isa babbar magudanar gari ko ramin shadda. Ba inji, ba waya, ba abin da ke juyawa. Nauyin ruwa ne ke yin aikin, shi kuwa nauyi ba ya gajiya kuma ba a ɗauke shi kamar wutar lantarki. Sharuɗɗansa biyu ne kacal. Bututun ya kasance mai faɗi, milimita 100 zuwa 110 a yawancin ƙasashe, inci 3 ko 4 a Amurka. Sannan ya kasance yana sunkuyawa ƙasa a kai a kai, kimanin santimita 1 zuwa 2 da rabi a kowace mita.

A takarda sharaɗin ba shi da wuya. A cikin ginin da aka riga aka gama, nan ne gizo ke saƙar. Ɗauki ɗakin da ke nesa da babban bututun gida da mita 10. Idan za a ba shi gangarar santimita 2 a kowace mita, bututun zai sauka santimita 20 kafin ya kai, ga kaurinsa na santimita 11. Ke nan ana bukatar fili fiye da santimita 30 a ƙarƙashin daɓe, tun daga ɗakin har inda za a haɗe. Idan daɓen kankare ne, sai an fasa shi. Idan benen katako ne, sai an huda gumakan da ke ɗauke da shi, wanda ba ƙaramin ganganci ba ne. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa matsalarsa ta fi haka: sau da yawa magudanar da ke fita daga gidan tana sama da daɓensa ne, wani lokaci daidai ƙirjin mutum, wani lokaci kusa da rufi. Ko an fasa ƙasa an haƙa rami, babu inda ruwan zai gangara ya tafi.

Domin irin waɗannan wurare aka ƙirƙiro masai mai injin markaɗe. Kamfanin SFA na Faransa, wanda aka kafa a 1958, shi ya fito da shi ya kuma yaɗa shi, da sunan Sanibroyeur a gida, da sunan Saniflo a Ingila da Amurka da wasu ƙasashe. Sunan ya bi bakin mutane har ya zama ana kiran kowane irinsa da shi, ko da na wani kamfani ne, domin yau Grundfos da Wilo da Liberty Pumps da Zoeller duk suna ƙera nasu. Ba abin mamaki ba ne da ya samu karɓuwa a Faransa. Tsofaffin gidajen bene na birnin Paris cike suke da ƙananan ɗakuna a can ƙarƙashin rufi, waɗanda aka gina ba tare da banɗaki a ciki ba, kuma babu yadda za a yi a ratsa da ƙaton bututu ta cikin gidajen mutanen da ke ƙasa.

Wanda ya fara jin labarin abin, hankalinsa kan tafi wajen wuƙar da ke markaɗen. A ganina ba ita ce uwa a cikin lamarin ba. Wuƙar 'yar aiki ce kawai, aikinta ta share wa siririn bututu hanya. Dalilin da ya sa masai ke bukatar bututu mai faɗin milimita 100 shi ne abin da ke bi ta cikinsa dunƙule ne, ga takarda. Da zarar an mayar da dunƙulen ruwa-ruwa, ana iya tura shi ta bututu mai milimita 22 zuwa 32, ko inci uku bisa huɗu zuwa inci ɗaya. Irin wannan bututu yana bin gindin bango, yana shiga bayan kabad, yana hawa ta kusurwar ɗaki ya bi ta cikin silin, ana huda masa bango da ɗan abin huda na hannu. Duk amfanin na'urar a nan ya tattaru, kuma yawancin matsalolinta ma daga nan suke tasowa.

Ga yadda abin yake a ido. Kwanon masan kusan ɗaya yake da na kullum, da tankinsa na ruwa a sama, sai dai mafitarsa ta baya take maimakon ta ƙasa. A bayansa, a ƙasa, akwai akwatin roba rufaffe wanda bai wuce girman ƙaramar jakar tafiya ba. Wasu sukan ɓoye shi a cikin bango, su bar masa ƙofar dubawa. Cikin akwatin akwai injin lantarki, galibi mai ƙarfin wat 400 zuwa 600, a rufe cikin kwanso don kada ruwa ya taɓa shi. Sandar injin tana ɗauke da abu biyu: wuƙaƙen ƙarfe marasa tsatsa a gefen da ƙazanta ke shigowa, da farfelar tura ruwa a ƙasa. Wuƙaƙen suna cikin wani kwando mai ƙananan huji, don kada wani abu ya kai ga farfela sai ya yi laushin da zai ratsa hujin.

Idan aka kora ruwa, lita 6 ko ƙasa da haka kan faɗa akwatin a lokaci guda. Babu maɓallin da mutum zai danna don tayar da injin, ruwan da kansa ke tayar da shi. A gindin akwatin akwai wata fatar roba mai laushi da aka shimfiɗa a bakin wani ɗan ɗaki mai iska. Ruwa na taruwa, nauyinsa na danna fatar, ita kuma ta tura ɗan ƙaramin makunni, inji ya tashi. Yana juyawa wajen sau 2,800 a minti ɗaya a ƙasashen da wutar lantarkinsu ke kan zagaye 50 a daƙiƙa, wajen sau 3,600 kuma inda take kan 60 kamar Amurka. Cikin 'yan daƙiƙu bayan gida da takarda sun narke, farfela ta tsotse su ta harba cikin siririn bututu. Ruwa na raguwa, fatar ta koma yadda take, makunni ya saki, inji ya tsaya. Duka-duka abin ba ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 20. Wasu sababbin samfura sun maye gurbin fatar da na'urar lantarki mai gane tsayin ruwa, amma tunanin ɗaya ne.

Akwai wani ɗan abu a bakin mafitar akwatin da ba a cika kula da shi ba, alhali ba don shi ba da duk aikin ya tashi a banza: bawul mai hana komowa. Ɗan murfi ne da ke buɗewa idan ruwa zai fita, ya rufe idan ruwan ya nemi dawowa. Yi lissafi ka gani. Bututu mai milimita 32, wanda faɗin cikinsa ya kai wajen 28, yana riƙe fiye da rabin lita a kowace mita. Idan ya miƙe sama mita 5, to bayan inji ya tsaya akwai kimanin lita 3 na markaɗaɗɗiyar ƙazanta a tsaye a cikinsa, duk nauyinta a kan wannan ɗan murfi. Haka za ta zauna har sai an sake kora ruwa, sabo ya ture tsoho. In wani ɗan tsinke ko gashi ya maƙale a bakin murfin, ruwan zai riƙa zurarowa akwati a hankali, ya danna fatar roba, inji ya tashi ya mayar da shi sama, ya sake zurarowa. Shi ya sa masu irin wannan masai kan ji injin ya yi gurnani da tsakar dare ba wanda ya shiga banɗaki. Ba aljani ba ne. Ko bawul ne ke yoyo, ko tankin sama ne ke ɗiga cikin kwano.

Nisan da injin zai iya turawa yana da iyaka, kuma a nan tallace-tallace kan ruɗi mai saye. Za ka ga an rubuta cewa yana hawa mita 5 kuma yana tafiya mita 100 a kwance, kamar yadda ake rubutawa a kan samfuran gida da yawa a Turai, ko ƙafa 15 sama da ƙafa 150 a kwance a kan wasu na Amurka. Ba duka biyun yake yi a tare ba. Ƙarfi guda ne ake rabawa tsakanin hawa da tafiya. Ƙa'idar da masu ƙerawa kan bayar ita ce kowace mita ɗaya ta hawa tana cin wajen mita 10 na tafiyar kwance, kuma kowace kwana a bututu tana ƙara cin wani abu. Wanda ya hau mita 4 ya yi kwana biyar sannan yana sa ran tafiyar mita 100, ya shirya ganin inji yana kuka ruwa bai tafi ba.

Tsarin shimfiɗa bututun ma yana da doka, kuma a nan masu aikin famfo da ba su saba da na'urar ba suka fi yin kuskure. Hawan ya zo da farko, kusa da akwati, a miƙe tsaye. Bayan an kai ƙololuwa sai bututun ya kwanta da 'yar gangara, aƙalla santimita 1 a kowace mita, har zuwa babban bututu. Ma'ana, inji ya ɗaga kaya sau ɗaya, daga nan ya miƙa wa nauyi ragowar tafiyar. Idan aka yi akasin haka, aka ja bututu a kwance mita goma sannan aka nemi ya hau, ƙazanta za ta kwanta a doguwar shimfiɗar, ta daskare, wata rana ta toshe. Hawa a karkace kamar tsani shi ma ba a so. Kwana kuma a yi ta a buɗe, da gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon guda mai 90.

Kuskure mafi ban sha'awa shi ne na mai kyakkyawar niyya. Yana ganin siririn bututu sai zuciyarsa ta ƙi amincewa, ya ce bari in sa mai faɗi don kada ya toshe. Abin da ya gudu shi ya jawo. Bututun da aka ninka faɗinsa sau biyu yana ɗaukar ruwa ninki huɗu, saboda haka ruwan da inji ya turo zai riƙa tafiya da kashi ɗaya bisa huɗu na gudunsa na da. Gudun nan kuwa shi ne ke wanke cikin bututu. Ƙa'idojin Turai kan bututun da famfo ke tura ƙazanta a ciki suna neman gudun da bai gaza mita 0.7 a daƙiƙa ba, domin ƙasa da haka gutsattsari kan zauna. A bututu mai faɗi da ke tsaye, ruwan kora ɗaya ba zai ma cika shi ba balle ya fitar da abin da ke ciki. Ruwa-ruwan ya haye, mai kaurin ya koma ya taru a kan bawul.

Sai maganar iska. Akwatin rufaffe ne, amma dole ya yi numfashi. Lokacin da lita 6 suka faɗo ciki, iskar da ke wurin tana bukatar hanyar fita, in ba haka ba kwanon zai riƙa jan ruwa a hankali kamar mai shaƙewa. Lokacin da inji ke kwashe ruwan kuma iska tana bukatar hanyar shiga, in ba haka ba zai tsotse ɗan ruwan da ke zaune a lanƙwasar kwano da ta shawa, wanda shi ne ke tare wari. A Turai akwatuna da yawa suna da ɗan hujin numfashi mai matatar gawayi a murfinsu. A Amurka dokokin aikin famfo sun fi son a haɗa akwatin da bututun iska na gida wanda ke fita ta rufi. Abin da ba ya yi shi ne ɗan bawul ɗin nan mai barin iska ta shiga kawai, wanda ake sa wa wasu kwanonin wanke hannu. Yana ba da rabin numfashi ne, shaƙa ba fitarwa.

Yawancin akwatunan suna da ƙarin ƙofofi a gefe, don haka inji ɗaya na iya ɗaukar cikakken banɗaki: masai, kwanon wanke hannu, da shawa. Sai dai ruwan waɗannan ba tura shi ake yi zuwa akwati ba, gangarowa yake, kuma ƙofofin suna can kusa da ƙasa. Kwanon wanke hannu ba shi da matsala tunda a sama yake. Shawa kuwa sai an ɗaga daɓenta, galibi santimita 12 zuwa 18, don ruwanta ya sami gangara. Wanda ke son shawa daidai da ƙasa saboda tsoho ko mai keken guragu ya lura da wannan tun kafin ya sayi komai. Injin wanki da na wanke kwanuka kuma ba a haɗa su da akwatin masai na yau da kullum, saboda ruwansu ya fi zafin da aka gina shi ya jure, kuma suna zubo shi da yawa a lokaci guda. Akwai famfuna na daban da aka yi don wannan.

Mutane kan tsorata da kuɗin wuta, amma wannan tsoron ba shi da tushe. Injin wat 500 da ya yi aiki daƙiƙa 15 ya ci kimanin wat-awa 2. In ana kora ruwa sau goma a rana, shekara guda ba za ta kai kilowat-awa 8 ba. Matsalar wuta ba yawanta ba ne, samuwarta ce. Da zarar an ɗauke ta, masan ya zama kujera. Akwatin zai iya haɗiye kora ɗaya, wataƙila biyu, daga nan ruwa ya fara tasowa a kwano, ko kuma ya ɓullo ta wuri mafi ƙasa da ke haɗe da shi, wato daɓen shawa. Masu ƙerawa da kansu suna cewa kada a yi amfani da shi idan babu wuta. Duk inda wuta ke yawan yankewa, sai an haɗa shi da batir da inbata ko janareta, a kuma tuna cewa inji kan ja wuta fiye da ƙarfin da aka rubuta masa a daidai lokacin tashi. Tunda kuma ruwa da lantarki ne a ɗaki ɗaya, dole layinsa ya kasance da waya ta ƙasa da na'urar yanke wuta idan ta zurare, mai aiki a kan miliamfiya 30 a tsarin Turai.

Abin da ya fi kashe waɗannan injuna ba tsufa ba ne, hannun mutane ne. An gina wuƙar don abu biyu: bayan gida da takardar banɗaki, masu narkewa a ruwa. Jiƙaƙƙen tishun goge jarirai ba takarda ba ne, saƙa ce mai zare, wani lokaci da roba a ciki, kuma ko an rubuta a jikin fakitin cewa ana iya korawa, wuƙar ba ta yanka shi, naɗe shi take yi kamar yadda tsumma ke naɗewa a sarƙar keke. Haka audugar mata, zaren sakace, kwaroron roba, tsinken goge kunne, dogon gashi. Mai da kitse kuma kan daskare a jikin bututu. Idan wuƙa ta cije, inji zai yi ta ƙugi ba ya juyawa har ya yi zafi, sai na'urar kariya da ke cikinsa ta kashe shi. Daga nan sai a cire wuta, a buɗe akwati, a sa hannu. Aikin ba shi da wahalar fahimta, amma babu mai marmarin maimaita shi. Akwai samfura masu ƙarfi da aka yi wa haƙoran niƙa maimakon wuƙa, waɗanda ke iya cinye audugar mata da ta faɗa bisa kuskure, su ne suka fi dacewa da gidan haya ko ofis. Su ma ba kwandon shara ba ne.

Maƙiyi na biyu a ɓoye yake aiki. Inda ruwa ke da sinadarin kalsiyam da yawa, farin ƙanzon nan da ake gani a cikin butar dafa ruwa yana taruwa a jikin akwati, ga kuma wanda fitsari ke bari. Idan ya hau kan fatar roba sai ta ƙandare. Ƙandararriyar fata ko dai ta ƙi danna makunni, ruwa ya cika inji bai tashi ba, ko ta danna ta ƙi saki, inji ya yi ta gudu a bushe. Maganinsa a riƙa zuba ruwan wanke ƙanzo wanda aka yi don irin wannan na'ura, a kashe wuta a bar shi ya jiƙa na wasu awanni, sannan a kunna a kora. Sau nawa a shekara, ya danganta da ruwan wurin. Abin da za a guje wa shi ne magungunan buɗe toshewa masu ƙarfi da man fenti da dangoginsu, don suna cin roba. Sabulun wanke masai mai yawan kumfa shi ma kan sa kumfa ta ɓullo ta hujin numfashi. Injin da aka kula da shi yana iya shekara goma ko fiye, kuma abubuwan da kan fara mutuwa, wato fatar roba da makunni da kafasita mai taimaka wa inji tashi da bawul, duk ana canza su ba sai an sayi sabo ba.

Ƙara kuwa akwai ta, kada wani ya ce maka babu. Sababbin sun fi na da shiru sosai, amma inji ne ke juya wuƙa a cikin akwatin roba. Abin da ke ƙara ta shi ne akwatin ya jingina da bango ko bututu ya manne da katako, sai gini ya ɗauki rawar ya kai ta ɗakin maƙwabci. Ɗan tazara daga bango, shimfiɗar roba a ƙarƙashi, da maɗaurin bututu mai roba a ciki suna rage abin da yawa.

To a ina kwalliya ke biyan kuɗin sabulu? Wuri na farko shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka mayar wurin kwana ko ofis. A nan ma yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Idan ruwan sama ya cika magudanar gari har ƙazanta ta fara komowa gidaje, ta masai mafi ƙasa take ɓullowa. Masai mai inji da aka ɗaga bututunsa ya haye matakin da ruwan zai iya kaiwa, sannan ya sauko ya shiga magudana, ya tsira daga wannan, domin ruwa ba zai hau lanƙwasar da kansa ba. A Jamus wannan lanƙwasa tana cikin abin da ƙa'ida ke nema ga duk abin da ke ƙasa da matakin komowar ruwa, wanda galibi ake ɗauka daidai da saman titi. Bayan wannan akwai ɗakin ƙarƙashin rufi, gareji, ƙarƙashin matakala, shagon da ke cikin babban gini inda mai haya ba shi da ikon fasa daɓe, da tsofaffin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na mara lafiya ko tsohon da hawa bene ya gagare shi: ana iya kafa masa masai kusa da gadonsa cikin kwana ɗaya ko biyu, in bukata ta wuce a cire, ba abin da zai rage sai 'yan huji a bango. Don irin wannan matsattsen wuri akwai samfurin da injin ke cikin gindin kwanon kansa, babu tanki, ruwa na shigowa kai tsaye daga famfo, lita 3 ko ƙasa da haka a kowace kora.

Jiragen ruwa na shaƙatawa da motocin da ake kwana a ciki su ma suna amfani da ɗan'uwansa mai aiki da batir na bolt 12 ko 24, yana tura ƙazanta zuwa tankin ajiya ta siririn tiyo. Na jirgin sama ba wannan ba ne, shi da tsotson iska yake aiki.

Inda bai dace ba kuwa, dokokin ƙasashen da suka fi sanin sa sun riga sun nuna. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12050-3 ta kira irin wannan na'ura mai amfani taƙaitacce: mutane kaɗan, masai ɗaya tal a kan akwati, sauran kayan da aka haɗa su kasance a ɗaki ɗaya da shi, kuma a sami wani masai a sama da matakin komowar ruwa. Dokokin gini na Ingila sun yarda da shi ne idan mazauna gidan suna da wani masai mai zuba kai tsaye ta gangara. Faransa, mahaifar abin, dokokinta na tsaftar gidaje sun daɗe da hana sa shi a sabon gini, sun bar shi a matsayin rangwame ga tsofaffin gidajen da ba su da banɗaki kuma babu hanyar jan babban bututu. Dalilin a fili yake: wanda ke zana sabon gini yana da damar ba bututu gangara tun a takarda, don haka ba shi da hujjar ɗora banɗakinsa a kan inji. Makaranta, tasha, gidan abinci mai cunkoso, duk wurin da baƙi ke shiga su fita ba wanda zai karanta sanarwar da aka liƙa a bango, ɗan akwatin gida ba zai kai labari ba.

Ga mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da zai yi amfani da banɗakin kullum, shekara da shekaru, akwai zaɓin da ya kamata a auna. Ana fasa daɓe a binne babban tanki mai murfi, duk kayan banɗakin su gangara cikinsa ta bututu na al'ada, famfon da ke nutse a ciki ya riƙa tura ƙazantar sama ta bututu mai inci 2 ba tare da ya markaɗa ba, domin an yi farfelarsa ta wuce da dunƙule. Aikin farko ya fi tsada da ƙura, amma kowane irin kwano zai zauna, shawa za ta kwanta daidai da ƙasa, tankin yana da wurin ajiya idan wuta ta ɗan yanke, kuma famfon ba ya tashi a kowace kora. Mai injin markaɗe ya fi shi ne a sauri, da sauƙin kafawa, da barin gini yadda yake.

Mai ramin shadda a gida yana iya haɗa shi, sai dai ya san cewa ramin yana aiki ne da kwantawar mai nauyi a ƙasa, kuma abin da aka markaɗa ya yi laushi ya fi jinkirin kwantawa. Masai ɗaya na ƙari ba zai dame shi ba, amma mayar da gida gaba ɗaya kan markaɗe wani lissafi ne. A ƙasashe masu tsananin sanyi kuma, duk sashen bututun da ya bi ta waje ko ta ɗakin da ba a ɗumama shi sai an naɗe shi, tunda ruwa na kwana a ciki.

Abu na ƙarshe da masu gyara kan yi ƙorafi a kai ba na inji ba ne, na mai gida ne. An kafa akwati, an ga bai yi kyau a ido ba, sai a gina masa bango a manne tayil a kai har ƙasa, ba ƙofa. Shekara uku ko huɗu lafiya lau. Ranar da tishu ɗaya ya naɗe wuƙa, sai an fasa tayil ɗin kafin a kai ga murfi, a daidai lokacin da akwatin ke cike. Ƙofar dubawa ta zama mai faɗin da akwatin gaba ɗaya zai fito ta ciki, a kuma sa bawul na rufewa a kan bututun hawa, kusa da mafita, don idan an kwance haɗin, litocin nan da ke tsaye a sama su zauna inda suke.